Ladabin Mai Bindiga Ga Abokin Harbinsa

Duk matafiyin da ya taso daga Zuba ya nufi Gwagwalada bisa babbar hanyar nan da ta miƙe zuwa Lokoja, ba zai yi nisa ba zai ratsa ta Tungan Maje. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Gwagwalada ta Birnin Tarayya. Sa'ad da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar ƙirƙiro sabon babban birni a watan Fabrairu na 1976, wannan yanki ƙasar noma ce da farauta, ƙauyuka a warwatse, daji ya kewaye kowannensu. Tun daga lokacin da aka dawo da mazaunin gwamnati daga Ikko a watan Disamba na 1991, jama'a suka yi ta kwararowa, ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu waɗanda tsadar haya ta hana su zama a tsakiyar birni, har gidaje suka ci gonaki, gonaki kuma suka ci daji.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa, domin maharba sun daɗe suna riƙe da ita. Abin da ya sāke shi ne aikin da ake sa ta. A watan Satumba na 2020 'yan bindiga suka shiga Tungan Maje da tsakar dare, suka yi ta harbi, suka yi awon gaba da mutane da dama. Abin da ya sami wannan gari ya sami garuruwa masu yawa a gefen Abuja da jihohin da ke maƙwabtaka da ita, saboda haka yanzu da wuya a sami unguwar da ba ta da 'yan banga ko maharba masu sintiri da dare. Samari da yawa sun rataya bindiga a kafaɗa, jama'a kuwa suna yi musu godiya, kuma sun cancanci godiyar. To, amma akwai tambaya guda da ba a cika yi ba, watau wane ne ya koya wa waɗannan samari yadda mai bindiga yake zama da ɗan'uwansa mai bindiga? Koyon harbi abu ne na 'yan kwanaki. Koyon yadda mutum goma za su tsaya wuri guda, kowa da makami a hannu, su watse ba wanda ya ji ciwo, ba wanda ya tafi da ɓacin rai, shi ne ilmin da yake ɗaukar shekaru.

Akwai wani wasa a duniya da aka gina shi kacokam bisa wannan ilmi, ya kuwa kamata masu riƙe bindiga a ƙasar nan su san labarinsa.

Daga tantabara zuwa faifai

A Ingila, tun ƙarni na 18 da na 19, masu hali suna yin gasar harbin tantabaru. Akan sa tsuntsuwa cikin akurki a tsakiyar fili, a ɗaura igiya a ƙofarsa, in maharbi ya shirya sai ya yi kira, wani ya ja igiya, tantabara ta tashi, ya auna ta. Har a wasannin da aka yi a birnin Paris a 1900, shekarar da aka yi Olamfik a can, an yi irin wannan gasa, aka hallaka tantabaru kusan 300. Mutane da yawa suka ga abin bai dace ba, aka yi ta suka, har Majalisar Ingila ta haramta shi a 1921.

Tun kafin haramcin masu dabara sun fara neman abin da zai maye gurbin tsuntsu. An gwada ƙwallon gilashi, sa'an nan a 1880 wani mutumin birnin Cincinnati na Amurka, George Ligowsky, ya fito da ɗan faifai na yumɓu wanda in an cilla shi yakan yi shawagi cikin iska kamar tsuntsu. Shi ne Turawa suke kira tantabarar yumɓu har yau, ko da yake yanzu da garin farar ƙasa da wani abu mai kama da kwalta ake yin sa. Faɗinsa santimita 11 ne, nauyinsa kimanin giram 105, akan shafa masa launin ruwan lemo don a gan shi sosai, in harsashi ya same shi sai ya tarwatse.

Wasan ya kasu gida biyu a Olamfik. Na farko shi ne tirap, wanda za a iya kira harbin rami. Ana jera inji 15 cikin dogon rami, maharba suna tsayawa mita 15 a bayansa, a kan matsayi 5 da aka shata. In mutum ya yi kira, faifai yakan fito da gudun kusan kilomita 100 a awa, ya nufi dama ko hagu ko gaba, maharbi bai san inda zai bi ba, an kuma yarda masa ya yi harbi biyu. Na biyu shi ne sikit, watau harbin ɗaki biyu, wanda aka ƙirƙiro a jihar Massachusetts ta Amurka wajen 1920, ya shiga Olamfik a 1968. A nan akwai ɗaki mai tsawo a hagu da gajere a dama, faifai yana fitowa daga kowannensu, wani lokaci biyu su fito tare su gitta wa juna, maharba kuwa suna zagaya matsayi 8. Kowane zagaye faifai 25 ne, kafin a kai wasan ƙarshe kuma mutum yakan harbi 125. Hukumar wasan harbi ta duniya, wadda aka kafa a 1907, ita ce take tsara dokoki, har ta ƙayyade cewa dalmar da ke cikin harsashi guda kada ta wuce giram 24.

Kada a ɗauka wasan na Turawa ne su kaɗai. Ahmed Al Maktoum na Daular Larabawa ya ci lambar zinariya a Atina a 2004. Fehaid Al-Deehani na Kuwait ya ci tagulla a 2000 da 2012, kana ya ci zinariya a 2016. Nasser Al-Attiyah na Ƙatar ya ci tagulla a London a 2012. A nahiyar Afirka kuma Azmy Mehelba na Masar ya zama zakaran duniya a sikit a 2022.

Ladubban fili

Abin da zai fi ba baƙo mamaki in ya je filin wannan wasa shi ne natsuwar da ke wurin. Maharba shida ne suke shiga a rukuni guda, kowa da bindiga mai baki biyu, ana harbi ɗari bisa ɗari a yini, amma ba hayaniya, ba gaggawa. Dalili kuwa shi ne akwai ladubban da kowa ya haddace tun ran da ya fara, waɗansu an rubuta su cikin doka, waɗansu al'ada ce kurum.

Na farko, bindiga a buɗe take zama. Irin bindigar da ake wasan da ita tana karyewa a tsakiya, in an buɗe ta kowa yana iya hangen cewa ba harsashi a ciki. Maharbi ba ya ɗura ta sai ya taka matsayinsa, fuskarsa da bakin bindigarsa suna duban fili. In ya gama, ba ya juyowa sai ya buɗe ta. A harbin rami, wanda ya gama a matsayi na 5 zai zagaya ta bayan 'yan'uwansa ya koma na 1, doka kuwa ta ce ya yi wannan tafiya da bindiga a buɗe, ba kome a cikinta. Mai bindiga ya san ba harsashi a ciki, amma na kusa da shi bai sani ba, saboda haka buɗewar don na kusa ake yin ta. Bai isa mutum ya ce, ai na san bindigata ba. Haƙƙin abokinsa ne ya gani da idonsa, hankalinsa ya kwanta.

Na biyu, kowa ya jira layinsa. Maharbi ba ya rufe bindigarsa sai wanda ke gabansa a jeri ya gama harbi. In kuma layi ya zo kansa, ba ya ɓata wa mutane lokaci, domin a harbin rami daƙiƙa 12 aka ba shi ya shirya ya yi kira. An haramta wa mutum ya auna faifan da aka cilla wa waninsa, ko da gwaji ne. An kuma haramta auna tsuntsu mai rai in ya gitta.

Na uku, shiru. In mutum ya kafa bindiga a kafaɗa, na bayansa ba ya magana, ba ya tari da gangan, ba ya motsin da zai ɗauke masa ido. A zamanin yau makirufo ne yake jin kiran maharbi ya saki faifai, don haka surutun wani yana iya sa inji ya cilla faifai kafin lokaci. Haka kuma ba a ba mutum shawara in bai nema ba, ba a yi masa dariya in ya kuskure, ba a kuma yin guɗa don abokin takara ya faɗi.

Na huɗu, ba a taɓa bindigar wani sai da izninsa. In ya yarda ya miƙa, a buɗe zai miƙa ta, mai karɓa kuma ya leƙa da kansa ya tabbatar.

Na biyar, in bindiga ta ƙi tashi, maharbi ba ya juyawa, ba ya buɗe ta. Zai ci gaba da nuna bakinta wajen fili har alƙalin wasa ya zo ya duba. Dalili shi ne wani lokaci harsashi yakan yi jinkiri, ya tashi bayan an zaci ya mutu. Wannan ya fi shafar masu harba-ruga da baushe, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, domin in albarushi ya yi sanyi yakan jinkirta kamawa, mai leƙa bakin bindiga a wannan hali kuwa yana wasa da ransa ne, mai juya ta yana tambayar abin da ya same ta kuma yana wasa da na 'yan'uwansa.

Na shida, hukunci na alƙali ne. In maharbi yana ganin ya sami faifai amma aka ce ya kuskure, sai ya ɗaga hannu nan take, alƙali ya tuntuɓi mataimakansa, abin da ya yanke shi ke nan. Mataimakan nan kuwa sau da yawa daga cikin maharban da suka gama zagayensu ake ɗauko su, watau wanda ya yi takara da kai ɗazu shi ne zai shaida harbinka yanzu, an kuma amince ba zai ci amana ba. Mai saɓa doka akan nuna masa katin gargaɗi, ko a rage masa maki, in laifin ya shafi lafiyar mutane kuwa a kore shi daga gasar ko da shi ne kan gaba.

Inda ake gane mai ladabi

Ladabi ba ya bayyana sosai sai ran da aka ɓata wa mutum. A Olamfik na 2024, wanda Faransa ta karɓi baƙuncinsa, an yi wasan harbi a garin Châteauroux. A wasan ƙarshe na sikit na mata, Amber Rutter ta Ingila da Francisca Crovetto ta ƙasar Chile suka yi kunnen doki, aka shiga harbin raba gardama. Alƙalai suka ce Rutter ta kuskure faifai guda. Ta ɗaga hannu ta nuna ba ta yarda ba, aka tsaya a kan hukunci. Hoton talabijin da aka maimaita ya nuna alamar cewa gefen faifan ya ɓalle, amma ba a yi amfani da na'urar sake duba hoto a gasar ba. Crovetto ta ci zinariya, Rutter ta karɓi azurfa. Daga baya ta fito fili ta nemi a gyara tsarin alƙalanci, amma a filin, da bindiga a hannunta, ba ta yi abin da ya wuce ɗaga hannu ba. Mai karatu ya auna wannan da abin da yakan faru a dajin farauta in mutum biyu suka yi iƙirarin zomo guda.

A Barcelona kuma, a 1992, lokacin maza da mata suna fafatawa tare a sikit, wata 'yar ƙasar Sin mai suna Zhang Shan ta doke dukan mazan ta ci zinariya. Da aka zo ba da lambobi, mazan nan biyu da suka zo na biyu da na uku, ɗaya daga Peru ɗaya daga Italiya, suka ɗaga ta sama don girmamawa. Gaba da gabanta, in ji masu iya magana, maharbin kirki kuwa ba ya jin kunyar yaba wa wanda ya fi shi.

Akasin haka ma an gani, a wurin da ba a zata ba. A watan Fabrairu na 2006 Mataimakin Shugaban Amurka na lokacin, Dick Cheney, ya fita farautar tsuntsaye a jihar Texas tare da abokansa. Ɗaya daga cikinsu, wani lauya mai shekara 78, Harry Whittington, ya fita daga sahu don ya ɗauko tsuntsun da ya harbo. Yana dawowa sai wani tsuntsu ya tashi, Cheney ya bi shi da bakin bindiga ya juya ya harba, ƙwayoyin dalma suka sami dattijon a fuska da wuya da ƙirji. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya yi jinya ya tashi. Ladubba biyu aka bari a ranar. Wanda ya bar sahu ya kamata ya yi gyaran murya in zai dawo, mai harbi kuma bai kamata ya bi tsuntsu da bindiga zuwa inda bai tabbatar ba kowa ba. Cheney ya amsa a bainar jama'a cewa alhakin nasa ne tun da shi ya ja kunama. In mai wannan muƙami, da masu tsaronsa da likitocinsa a kusa, bai tsira daga sakaci na daƙiƙa guda ba, ina ga saurayin da ke sintiri cikin duhu da fitila a goshi?

Abin da aka gada a gida

Ba daidai ba ne a zaci sai an ƙetare teku za a samo waɗannan ladubba. Maharban ƙasar Hausa suna da nasu tsari tun kafin zuwan Turawa. Akwai Sarkin Baka, a waɗansu wurare Sarkin Dawa, wanda shi ne yake sa ranar fita, ya raba mutane sahu-sahu, ya yanke hukunci in an yi jayayya a kan nama. Yaro ba ya fara da makami. Yakan daɗe yana bin ubansa ko maigidansa, yana ɗaukar gora da burgami, yana koyon sawun dabba da inda iska ta nufa, kafin a yarda ya riƙe baka, balle bindiga. Kafin hannunsa ya kai ga kunama, ya riga ya sha faɗa a kan inda ake nuna bakin makami da inda ba a nunawa. Haka 'yan bindigar sarki a hawan salla a Kano da Katsina da Zariya, sama suke nuna bindigoginsu in za su sake su, suna kuma tafiya cikin tsari ƙarƙashin shugabansu.

Addinin Musulunci ma bai bar wannan babi ba. Ya zo cikin ingantattun hadisai na Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, ya kuma umurci mai wucewa da kibau ta cikin masallaci ko kasuwa ya kama tsininsu da hannu don kada ya ji wa wani. Har ila yau ya hana a ɗaure abu mai rai a mai da shi abin gwada bāra. Ashe abin da Majalisar Ingila ta haramta a 1921, malamai sun fi shekara dubu suna karantar da haramcinsa a zaure.

To, ina aka yi sake? Amsar ita ce bukata ta yi sauri, tarbiyya ta kasa cim mata. Tun daga 2014, sa'ad da maharban Adamawa suka taimaka wa soja wajen fatattakar Boko Haram a yankin Mubi, aka fara duban maharbi a matsayin mai tsaron gari. Jihar Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a farkon 2024, unguwanni kuwa ba su jira gwamnati ba, suka yi karo-karo suka sa nasu. Saurayin da a dā zai yi shekaru yana ɗaukar gora, yau da safe ya ba da suna, da dare an rataya masa bindiga. Daga nan ake ganin abubuwan da tsohon maharbi ba zai lamunta ba: a jingina ɗurarriyar bindiga a jikin bencin mai shayi, a hau babur mutum uku da bakin bindiga yana zungurar haƙarƙarin na baya, a nuna aboki da ita ana raha, a saki wuta a gidan biki don a burge amarya. Akan kuma ji labarin mafaraucin dare da ya hangi motsi cikin ciyawa ya harba, sai da ya matsa ya tarar abokin tafiyarsa ne. In abu ya faru sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne kome da ƙaddara, amma wanda ya bar harsashi cikin bindiga ya shiga da ita taro, shi ya share wa tsautsayi hanya, shari'a kuwa ba ta ɗauke diyya daga kisan kuskure ba.

Rashin mutunta juna tsakanin masu makami yakan kai ga abin da ya fi haka muni. A ƙarshen watan Maris na 2025, waɗansu mafarauta 'yan Jihar Kano suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa gida don yin salla, 'yan banga suka tare motarsu a Uromi ta Jihar Edo. Da aka ga bindigogin farauta, maimakon a miƙa su ga 'yan sanda a bincika, sai aka yi musu taron dangi, aka kashe mutum 16. Ba wani uzuri da zai wanke wannan ta'asa. Darasin da ke ciki ga kowane ɗan banga, a Kudu ko a Arewa, shi ne wanda ya riƙe makami ba shi ne alƙali ba. Ranar da mai tsaro ya haɗa kamu da shari'a da zartarwa a hannunsa, ran nan ya zama abin tsoro ga waɗanda yake cewa yana karewa.

Abin da ya kamata a yi

Ba wanda yake cewa a jera inji 15 a Tungan Maje. Wasan faifai yana da tsada, bindigarsa da harsashinsa sun fi ƙarfin talaka, ƙasar da tsaro ya dame ta kuma tana da abin da ya fi shi gaggawa. Ladubbansa ne ake kwaɗayi, su kuwa ba a sayen su da kuɗi.

Da farko, kowace ƙungiyar maharba ko 'yan banga ta zauna da dattawanta ta rubuta ƙa'idojinta a takarda guda, da Hausa da Gbagyi da duk harshen da mutanenta suke ji, a riƙa karanta su kafin kowace fita. Ba sai sun yi yawa ba. Ba a shiga kasuwa ko masallaci ko majami'a ko gidan biki da ɗurarriyar bindiga. Bakin bindiga sama ko ƙasa, yatsa nesa da kunama. Ba a harbin abin da ido bai tantance ba, ba a kuma harbi sai an san abin da ke bayansa. In ana tafiya a sahu, kowa ya san inda na damansa da na hagunsa suke, wanda ya fita daga sahu ya yi magana in zai dawo. Wanda ya sha abin maye ya kwana a gida.

Na biyu, a ba ƙarami bakin magana. A filin wasan faifai, ɗan koyo yana da ikon tsayar da harbi in ya ga haɗari, ba wanda zai ce ya yi rashin kunya. A nan gida kunya takan sa yaro ya ga bindigar babba ta dubi cikinsa ya yi shiru. Ya kamata shugabanni su faɗa da bakinsu cewa in yaro ya ce, "Baba, a gafarce ni, bakin bindiga ya dubi mutane," amsar da ta dace ita ce, "Madalla, Allah ya yi maka albarka." Dattijon da ya karɓi gyara a gaban yaransa ya koya musu abin da wa'azin shekara ba zai koyar ba.

Na uku, a bi doka. Dokar makamai ta 1959 ta raba bindigogi aji-aji, ta sa lasin bindigar harbin tsuntsaye a hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, al'amarin bindigar da ake ɗurawa ta baki kuma ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda. Ya kamata hakimai da masu unguwanni su tabbatar kowane ɗan sintiri sunansa yana ofishin 'yan sanda na yankin, yana da katin shaida, in kuma ƙungiya za ta yi tafiya mai nisa da makamai ta sanar da hukuma tukuna.

Na huɗu, Ƙaramar Hukumar Gwagwalada da takwarorinta su keɓe fili, nesa da gidaje da gonaki da hanyar makiyaya, inda waɗanda aka yi wa rajista za su riƙa gwada bāra lokaci-lokaci a gaban 'yan sanda da Sarkin Baka. A filayen Ingila akan bar tazarar yadi 300 a gaban masu harbi saboda faɗuwar dalma, wannan kuwa ma'auni ne mai amfani ga garin da gidaje suke ƙara shiga daji kowace shekara. Ko tsohuwar ƙwarya aka kafa bisa turke ta isa abin auna. Muhimmin abu shi ne a jera mutane, kowa ya jira layinsa, ya ɗura a inda aka ce, ya sauke a inda aka ce, alƙali ya yi hukunci a karɓa. In an ga dama a sa 'yar kyauta ga wanda ya fi iya bāra, a sa wadda ta fi ta ga wanda ya fi kiyaye ƙa'ida. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda bai saba da tsari da rana tsaka ba kuwa, ba zai same shi ba daren da aka ji ƙarar harbi a bakin gari.

Mutanen Tungan Maje da makamantansu sun ɗora amanar barcinsu a kan waɗannan samari. Mafi ƙarancin abin da shugabanni za su saka musu da shi shi ne su tabbatar duk wanda ya fita sintiri bai ji tsoron na bayansa ba, ya kuma dawo gida da ƙafafunsa. Allah ya tsare masu tsaro, ya ba ƙasar nan zaman lafiyar da za a mai da bindiga ga farauta da wasa da hawan salla. Amin.